Gwangwanin da Aka Rufe da Bismillah

Jakara, Birnin Kano

Zuwa ga Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki, da fatan jirgi ya sauke ku Jos lafiya, kuma sanyin da ake ba mu labari bai fi ƙarfin bargon da na cusa miki a akwati ba. Allah ya tsare ki a garin da ba ki san kowa ba, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, ya sa ki kwana ki tashi cikin amincinsa.

"Idan ba za ki ba ta ba, ai sai ki gaya mata dalili." Abin da mahaifinki ya ce mini ke nan, tun ba ku kai bakin titi ba. "Yarinya ta roƙe ki abu a gaban mijinta, kin ce a'a, kin koma kina gyara mata ɗaurin kaya kamar gishiri ta roƙa."

Na ce masa ranar tafiya ba ranar bayani ba ce.

Ya ce, "Malama, ke da kike yi wa 'ya'yan mutane bayani tun safe har azahar?"

Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da kika roƙa shi ne tambarin nan na ƙarfe da ke cikin akwatina, wanda ake buga takardar rufe gwangwanin turare da shi: Bismillah a sama, a ƙasa kuma "Turaren Gidan Iya, Jakara". Kina so ki fara sana'ar gidanmu a can. Maigidanki ya ce Jos gari ne na kowa da kowa, ba wanda ya san ki, amma da zarar matan Musulmi sun ga sunan Allah a kan kayanki za su san ta gida ce, su saya hankali kwance. Hujjarsa tana da kyau. Na san tana da kyau domin ni na fara kawo ta gidan nan. Na kuma ga fuskarki da na ce a'a. Kin ɗauka hannunki ne ban yarda da shi ba, ko kuma sunan kakarki nake yi miki rowa. Lokacin da abin ya faru kina makarantar kwana, gutsure-gutsure kawai kika ji. Ga shi cikakke.

Da aka tura ni jami'a a Ingila, tarbiyyar yara aka ce in koyo, na kuma koya daidai gwargwado. Amma abin da ya fi ɗauke mini hankali kantunansu ne. Komai a rufe, komai da suna. Mace ta shiga, ta nuna gwangwanin shayi, ta biya, ta fita, ba ta buɗe ba, ba ta sansana ba, ba ta zagi kakan mai kanti ba. Na yi ta tambayar kaina: me ya sa ta yarda? Na yanke cewa takardar ce. Da wannan ilimi na dawo Kano, ina jin na fi duk 'yan kasuwar Kurmi gane ciniki.

Iya kuwa, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana nan tana sayar da turaren wuta yadda uwarta ta yi a Barno. A daka saiwar gajiji, a fasa itacen sandal, a soya farcen turare, a haɗa, a rufe a tulu har ya tsumu. Sannan Tasalla dillaliya ta ɗauka a kwano ta shiga gidaje. Duk gidan da ta shiga sai ta ce a kawo wuta. A kawo garwashi a kasko, mai saye ta ɗebi kaɗan da yatsunta ta zuba, mata su kewaye. Ko da ƙamshin ya kusa sumar da ita, sai ta taɓe baki ta ce hayaƙi ya yi yawa. Daga nan a fara ciniki. Gida ɗaya yana iya cinye wa Tasalla hantsi sukutum.

Na ce wa Iya wannan ɓata lokaci ne. Mu sayi gwangwanayen sigari da babu komai a ciki, mu wanke, mu zuba turare daidai wa daida, mu manne bakin da takarda mai sunan gida. Na shirya za ta ƙi, har na tanadi jawabi. Sai ta juya gwangwanin a hannunta ta ce, "Ashe bokon nan naki yana da rana." Da na ce kuma za mu sa Bismillah a sama don albarka, sai da ta share ido da bakin zane. Baba Bukar, ƙanin mahaifina da ke karantarwa a Shahuci, shi ya rubuta da hannunsa, ya yi ta maimaitawa har sai da ta yi masa. Na kai wa wani mai injin bugu a Sabon Gari ya mayar da ita ƙarfe.

Ina so ki lura da waɗanda suka taru a kan wannan shawara: tsohuwa da carbi ba ya barin hannunta, malami da ɗalibai ke zuwa wurinsa daga nesa, da ni mai takardar jami'a. A cikinmu ba wanda ya ce a dakata.

Ciniki ya buɗe. Tasalla ta riƙa dawowa tun rana ba ta yi zafi ba, tana murna. "Malama, Allah ya shi miki albarka. Yanzu ba mai ce mini a kawo wuta. Su gani, su sumbata, su biya." Ni kuwa na ce ci gaba ke nan. Ban tambayi kaina me ya sa matan da suka shekara suna kushe turaren Iya suka zama salihai dare ɗaya ba. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ga abin da na koya daga gare shi: duk ranar da sana'a ta yi miki sauƙi farat ɗaya, ki bincika ina wahalar ta koma. Ba ta ɓacewa. Wani ne ya ɗauke ta bai gaya miki ba.

Da damina ta yi nisa, bangon ɗakin turare ya sha ruwa, danshi ya shiga wani tulu da ke jingine da shi. Ba mu sani ba, domin daga sama ƙamshinsa lafiya lau. Muka ɗura, muka manne, Tasalla ta rarraba. Sai wata Juma'a na buɗe gwangwani ɗaya da ya rage don in turara wa mahaifinki riga. Yagana, kin san warin tsumma da aka manta a bayan randa? To, shi, da ɗan sandal a kai don cin fuska. Mahaifinki ya tafi masallaci da wata rigar.

Muka shirya karɓar faɗa. Iya ta ware turare mai kyau na musanya, ni na shirya kalmomin ban haƙuri, Tasalla ta ce ita zazzaɓi take ji. Muka jira. Mako ya wuce, wani ya bi shi. Ba wadda ta aiko, ba wadda ta dawo da ko gwangwani ɗaya. Matan birnin nan, waɗanda za su dawo miki da allura su ce kafarta ta karkace!

Zan so in ce miki tsoron Allah ne ya hana ni sukuni, kuma akwai shi. Amma gaskiya abin da ya fi damuna shi ne ban gane ba. Na karɓi sunayen gidajen a wurin Tasalla, ranar da babu makaranta na yafa mayafi na fara da Soron Ɗinki, gidan Hajiya Dije, ƙawar Iya tun suna amare, wadda bakinta ba ya da murfi.

Tana ganina ta ɗaga murya. "A'a! 'Yar Ingila ce da kanta? Ku kawo kujera, ta manta zaman tabarma."

"Hajiya, ai a kan tabarmarki na koyi rarrafe."

"Kin kuwa yi mini fitsari a kai. Zauna."

Muka gaisa, ta tambayi Iya, ta tambayi ƙafar Iya, ta tambaye ki. Sannan na ce, "Hajiya, yaya turaren da Tasalla ta kawo?"

"Lafiya lau. Allah ya yi albarka."

"Hajiya, ni ma na ƙona shi."

Ta dube ni, ta dubi ƙofa, sannan ta fashe da dariya har da tari. "To tunda kin ƙona, me kike tambaya? Ɗakin jikata muka turara da shi ranar suna. Mijin ya leƙo ya ce wa ya shigo da akuya."

"Me ya hana ki dawo da shi?"

Dariyar ta tsaya. "In dawo da shi in ce me? Abu da sunan Allah a bakinsa, da rubutun Malam Bukar? In aika wa uwarki in ce abin da ta rufe da Bismillah ruɓaɓɓe ne? Ce wa kaina na yi hancina ne ya tsufa."

"Da can ai kina sa a kawo wuta."

"Da can kwano ne, 'yar nan. Kwano ba ya kallon mutum."

Sai ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce in biyo ta ɗaki. Ta nuna mini sama, inda azara ta shiga bango. A kowace kafa akwai takarda a nannaɗe, an tura ta ciki da tsinke. Ta ɗaga labule, ga wasu a tsagar bango. Ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin gado, sai ta ce astagfirullahi, wa ya sa shi a ƙasa, ta ɗora shi a kan jeren kwanuka. Cike yake da gwangwanayenmu.

"Turarenki yana ƙarewa a wata guda," in ji ta, "takardar kuwa sai dai ta binne ni. Ba na zubawa a shara. Ba na ba yara su yi wasa. In zan buɗe sai na nemo reza na bi gefe a hankali, kada in yaga suna. Gwangwanin da zan zuba allura a ciki, sai na jiƙa shi rubutun ya saki, sannan in nemi wuri mai tsarki in zubar da ruwan. Akwai kwanakin da 'yan matan gidan nan ba sa ma son taɓa shi, sai a kira ni, tsohuwa, in zo in buɗe musu turare. Turare na saya, Zara. Ke kuma kin haɗa mini da amana, ban roƙa ba."

Na bi sauran gidajen. Labarin ɗaya ne, bambancin kawai wasu sun fi ta ladabi. A hanyar dawowa, gab da gida, na hangi wata farar takarda a cikin kwata. Ban buƙaci in sunkuya ba kafin in gane hannun Baba Bukar. Ba kowane gida ke da Hajiya Dije ba. Na shiga da takalmin makarantata na ɗauko ta, masu wucewa suna kallon Malama tana kamun kifi a kwata.

Washegari na tafi Shahuci da tambayata. Baba Bukar ya sa aka shigar da ni cikin gida, ya saurara har na gama. Kan maganar turaren da ya lalace bai wahala ba. Ya ce aibin da mai kaya ya sani wajibi ne ya faɗa, wanda bai sani ba kuma babu zunubi a kansa, amma mai saye yana da ikon dawo da kaya, don haka mu bi gida gida mu musanya. Da na shimfiɗa masa takardar kwata kuwa, sai ya daɗe yana kallonta.

"Hannuna ne," ya ce.

"Baba, ni na kawo shawarar."

"Ke kika kawo, ni na rubuta. Ranar da na ga rubutuna ya fito daga inji, sai da na aika wa ɗan'uwana a Yerwa, can Barno, da guda, ya gani." Ya shafa gemu. "Zara, da kika sa ta, don albarka kika sa ko don ciniki?"

Na yi tunani sosai, domin ba tambayar da ake amsawa da sauri ba ce. Na ce, "Duka biyu, Baba. Ban san wanne ya fi yawa ba."

"To, ai mun zama mu biyu," in ji shi.

Na so ya ba ni hukunci mai kaifi in tafi da shi. Bai bayar ba. Sauran ni na ƙarasa wa kaina a hanya, kuma har yau ina juya shi. Bismillar da Iya ke yi da bakinta idan za ta fara haɗi, ba wanda ke ji sai wanda aka yi domin shi. Wadda na manna a gwangwani kuwa, mai saye nake gaya wa. Ban yi ƙarya ko sau ɗaya ba, ban rantse ba, ban tauye awo ba. Na dai sa wa mata abin da ya hana su buɗe baki. Addini ya ba mai saye haƙƙin ya duba, ya kushe, ya dawo da kaya, ni kuma na ɗauki addinin na rufe wannan ƙofa da shi, ina jin na yi ibada. A Ingila ma, da na sake tunani, ba takarda ce ta sa matar nan ta yarda ba. Ta san idan shayin ya lalace za ta koma ta ajiye wa mai kanti a kan tebur, ba ta jin nauyin kowa.

Daga nan na faɗa kuskure na gaba, wanda masu irin halina ke yi: na zarce. Na ce wa Iya mu bar sana'ar gaba ɗaya, albashina ya ishe mu, riba abu ne mai santsi. Tana tankaɗe gajiji, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mu bari? Su Tasalla da matan da ke yi mana daka su ci me, tubarki?"

Na ce ina tsoron haɗa neman duniya da sunan Allah.

"To cire sunan daga gwangwani, ba ki cire gwangwani daga gidana ba. Gwangwanin nan ya fi kwano riƙe ƙamshi, a nan kin yi gaskiya."

Kada ki ji kunyar riba, Yagana. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi fatauci, da dukiyar mace ma ya yi. Mai sana'ar da ke jin kunyar ribarta ba ta fi kowa tsoron Allah ba, kawai ta fi kowa saurin karyewa, kuma idan ta karye ba ita kaɗai ke faɗuwa ba. Ki sa kuɗin da zai fitar da ke, ki faɗe shi ba tare da rantsuwa ba. Matar da ta yi miki daka ki sallame ta a ranar, kada ta zo tana gaishe ki sau biyu. Idan shekara ta zagayo ki nemi malami ki tambayi abin da ke kanki na zakka, kada ki jira ya neme ki.

Mun riƙe gwangwani, mun daina mannewa. Muka musanya wa kowa, muka tattaro takardun da muka iya samu, Baba Bukar ya ƙona su ya binne tokar a inda ba a takawa. Tasalla ta koma neman wuta gida gida, ta yi wata guda tana gaishe ni da ƙyar. Ba zan ruɗe ki ba, cinikin ya ragu, kuma bai sake kai inda ya kai a zamanin takarda ba. Masu wa'azi suna son labarin da mai gaskiya ke ƙarewa da gidan sama. Namu bai ƙare haka ba. Abin da muka samu shi ne mata sun koma kushe mu, kuma tun daga ranar ba tulun da ya lalace muka kwana biyu ba mu ji ba. Tambarin kuwa ya zame mini abin da takardun suka zame wa Hajiya Dije. Ba na iya yarwa, ba na iya ba maƙeri ya narka, ba na iya amfani da shi.

Saboda haka ba zan aiko miki da shi ba. Sunan Iya kuwa naki ne, dama ke ce mai sunan. Ki rubuta shi a kan kayanki da girman da kike so. Ki bar murfin yadda kowa zai buɗe, ki ajiye kasko da garwashi a inda mai shigowa za ta gani, kuma ke ki fara cewa a gwada. Wadda ta dawo da kaya ki karɓa da fuskar da kika sayar mata. A can za ki sami masu saye da ba sa sallah irin tamu. Awonsu da na 'yar'uwarki Musulma ɗaya ne, kuma su ma a kawo musu wuta.

Maigidanki zai ce wannan hanya tana da jinkiri, kuma gaskiyarsa. Ki gaishe shi, ki karanta masa abin da kika ga ya dace. Idan bayan haka kun ga sai kun yi, na tabbata Jos ba ta rasa mai injin bugu ba, kuma hannuna ba ya kaiwa can. Abin da nake roƙo kawai, kowace hanya kuka bi, ki rubuto mini yadda matan garin suka yi. Ina so in sani ko halin matan birni ne kawai, ko kuwa haka mutane suke ko'ina.

Allah ya sa albarka a hannunki, ya ba ki halal mai yalwa, ya kare ki daga cutar da wani da saninki ko ba da saninki ba. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku, ya sada mu cikin alheri. Mahaifinki yana sa miki albarka, ƙannenki suna gaisuwa.

Ɗazu bayan na idar da sallar asuba na shiga ɗakin turare, na buɗe tulun da kika haɗa ke kaɗai kafin bikin sallah, na zuba kaɗan a wuta. Na zauna ina neman abin da zan gyara miki a wasiƙar nan, tunda aikina ke nan. Har garwashin ya mutu ban samu ba. Na ɗura miki shi duka, zai zo tare da wannan takarda, da shi za ki fara. Yanzu rana ta ɗaga, 'ya'yan mutane suna jirana. Na mayar da murfi a kan tulun da babu komai, na ja ƙofar ɗakin, na tafi.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Zara